Hissar ƙarshe ta ranar Alhamis: nazari kan darasin zane a wani aji huɗu a jihar Sinnar

Makarantar tana wani ƙauyen Hausawa a ƙasar Sudan, a gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da mu a nan ba ma ce masa komai sai bahar, tsakanin Sinnar da Sinja. Ba ta da nisa da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Mutanen ƙauyen manoma ne da masunta, sai 'yan tireda ɗaiɗai. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, haka ma malamar da lamarin ya shafa. Zan riƙa ce mata Ustaza, yadda yara da iyayensu ke kiranta. Ɗiyar ƙanwata ce, ni kuma tsohon malami ne da ya ajiye alli, shi ya sa na samu damar zama a bencin baya na ajinta daga Oktoban 2022 zuwa gab da azumin 2023, ina rubuta abin da idona ya gani.

A jadawalin makarantar, funun, wato zane da aikin hannu, ita ce hissar ƙarshe, wato darasin ƙarshe, ranar Alhamis, ranar da makon karatu ke ƙarewa. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san abin da hakan ke nufi. A takarda minti 40 ne. A zahiri kuwa ko malamin lissafi ya ara bai mayar ba, ko a sa yara sharar fili, ko mudir, wato shugaban makaranta, ya dubi rana ya ce a tashi. Ustaza Larabci ta karanta. An ɗora mata funun ne don jadawalinta na da gurbi, ba don wani ya tambaye ta ko ta taɓa zana ko da ƙwarya ba.

Da ba haka abin yake ba. Cibiyar horar da malamai ta Bakht ar-Ruda, da aka buɗe kusa da Duwem a 1934, tana da sashen zane tun farkon zamaninta, kuma Baturen da ya riƙe sashen, Greenlaw, shi ne ya jagoranci buɗe makarantar zane a Khartum a tsakiyar shekarun 1940. Mu da aka horar a kan wannan tsari, ba a ba mutum aji sai ya iya haɗa kayan koyarwarsa da hannunsa, da yumɓu da kwali da kara. A farkon shekarun 1990 aka mai da firamare shekara takwas, aikin hannu ya shige cikin darussa irin su Malbasuna da Maskanuna, wato tufafinmu da muhallinmu, kuma a makarantun da na sani haddace su ake yi kamar nahawu. Bayan faɗuwar shugaba Bashir a 2019 aka koma shekara shida a firamare, uku a tsakiya, uku a sakandare, aka yi ta maganar farfaɗo da zane. Magana dai ba ta sayen fenti.

Fure ɗaya, yara saba'in

Makon farko Ustaza ta yi abin da aka yi mata tana ƙarama. Ta zana fure cikin tukunya a kan allo, ta zana tutar Sudan a gefe, ta ce a kwafa. Ajin ya haura yara saba'in, maza gefe mata gefe, don ƙauyen bai kai a raba musu makaranta ba, ga kuma baƙi da suka ƙaru, waɗanda zan zo kansu. Masu littafi suka yago takarda daga bayan littafin lissafi, marasa fensir suka jira a gama a ba su aro. Abin da aka tara mata fure ɗaya ne an maimaita shi, wani a miƙe wani a karkace. Daga layukan baya kuwa kalma ɗaya ke tashi: «Ustaza, ban iya ba.»

Wannan kalma ba baƙuwa ba ce ga mai shekara tara ko goma. Viktor Lowenfeld, wanda ya yi rubutu a kan matakan zanen yara tun 1947, ya nuna cewa a wajen wannan shekaru ne yaro ke fara auna zanensa da ainihin abin, ya ga bai yi kama ba, kunya ta kama shi. Ɗan shekara biyar zai yi maka da'ira da ƙafafu biyu ya ce babansa ne, ko a jikinsa. Ɗan shekara goma rufe takardar zai yi da hannu. In malami bai tare shi a nan ba, ya bar zane ke nan har tsufa.

Cikin masu cewa ba su iya ba akwai wata yarinya da ta miƙa farar takarda, Ustaza ta ba ta sifiri. Ranar kasuwa sai ga ta a bakin rumfa da fayafai a tire, masu tauraro ja da baƙi a tsakiya, ɗinki a matse kamar na babba. Ustaza ta tambaye ta wa ya yi. Ta ce ita da kakarta, waɗannan uku kuma nata ne ita kaɗai. Da daddare Ustaza ta zo mini da faifan a hannu.

«Kawu, wannan na ba sifiri shekaranjiya.»

Na ce mata to sai ta duba ko yarinyar ce ta faɗi, ko tambayar ce.

Tawada, karkade da takardar siminti

Kafin a kai ga abin da za a zana, sai an samu abin zanawa da abin zanawa a kai. Makaranta ba ta da ko kwalin fenti guda, iyaye kuma ana fama da kuɗin fatur, wato karin kumallo. Da Ustaza ta kawo kukan takarda, na ba ta labarin Ibrahim as-Salahi, ɗan Omdurman da aka haifa a 1930, wanda babban gidan nunin zane na Tate Modern a Landan ya shirya wa baje kolin ayyukan rayuwarsa a 2013. Lokacin da aka tsare shi a kurkukun Kobar a 1975, a kan gutsattsarin takardar buhun siminti yake zane, yana binnewa a cikin rairayi kada masu gadi su gani. Washegari ta aika yara gidan wani da ke gini. Buhun siminti na takarda hawa-hawa ne. A yar da na cikin da ya sha ƙura, a kakkaɓe sauran, a yayyafa ruwa a danne da katako ya kwana, da safe ya miƙe. Yana da kauri, yana shan tawada bai huje ba.

Tawadar kuma ba sai an koya wa kowa ba, don kusan duk yaran suna zuwa khalwa, wato makarantar allo, da asuba da dare. Larabawan nan suna ce mata amar. A kankare baƙin gindin tukunya a tankaɗe, a jiƙa ƙaro ya narke a tace, a haɗa a yi ta damawa har gudaji su mutu. Ƙaro kuwa Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, a wajenmu yara ke ɓamɓaro shi a jikin itace. Abin da Ustaza ta ƙara shi ne ta sa su haɗa kala uku a gwangwani uku: mai ƙaro kaɗan, mai matsakaici, mai yawa. Na farko da ya bushe sai ya goge a hannu kamar toka. Na uku ya yi ƙyalli ya tsattsage. Yaran da kansu suka zaɓi na tsakiya, kuma ban ƙara jin wani ya tambayi gwargwadon ƙaro ba har aka tashi.

Launi ne ya fi ɗaukar hankalinsu, ni ma haka. Karkade, wato zoɓo, in an jiƙa shi da kauri yana ba da ja mai duhu. A ɗiga masa lemon tsami ya koma ja mai haske. A taɓa shi da ruwan toka ko atrun, kanwarmu ke nan, sai ya juye shuɗi-shuɗi ya gangara kore mai duhu a gaban idonka. Ranar da aka yi wannan wani yaro tsalle ya yi baya yana a'uzubillahi. Kurkum ya ba da rawaya, shi ma in ya haɗu da atrun ja yake komawa. Jar ƙasa da farar ƙasa aka dama da ruwan ƙaro. Wani ɗan gidan dukawa ya kawo nasu: bagaruwa, wadda ake kira garad a nan, a daka a jiƙa da ƙusoshi masu tsatsa kwana uku ko huɗu, ta ba da baƙi da ke ƙara duhu bayan ya sha iska. Burushi kuwa aswaki ne aka tauna bakinsa.

Ba duka ne ya yi kyau ba. Jan karkade ba ya da alkawari, mako biyu a bango ya koma ruwan ƙasa, yaran suka ji haushi. Ruwan bagaruwa ya ɓata rigar makaranta fiye da ɗaya, uwaye suka aiko da saƙo mai zafi. Minti 40 kuma ba ya isa a haɗa launi a yi zane a wanke hannu, sai da Ustaza ta raba ajin gida-gida, kowane mako gida ɗaya ke haɗo launi tun daga gida.

Kayan gida a madrasa

Ustaza ta tafi wajen malamin khalwa, dattijo mai tsangaya tun kafin a haife ta, ta durƙusa ta roƙi a nuna wa yara yadda ake zayyanar allon sauka, abin da mutanen Sudan ke kira sharafa. Ya yi shiru, sannan ya ce: «'Yata, zan ba ki gardi ɗaya, amma da sharaɗi. Kada a rubuta aya a takardar da za ta faɗi ƙasa a taka.» Aka tsaya a kan cewa tsakiyar da ake barin wa Fatiha da farkon Baƙara, a nan sunan yaro za a sa.

Gardin bai yi jawabi ba. Ya kafa ƙusa, ya ɗaura zare, ya ɗaura alƙalami a ɗaya bakin, ya ja da'ira. Bai canza tsawon zaren ba, ya ɗora ƙusar a kan layin da'irar ya yi alama, ya matsa kan alamar ya sake yi. Sau shida ya dawo inda ya fara cif. Yaran suka ce dabo ne, kowa ya gwada da zare gajere da dogo, kullum shida. Daga nan fure mai ganye shida ya fito, daga furen tauraro. Ya nuna musu yadda ake ninke takarda gida huɗu a zana kwata ɗaya, a danna tun tawada na da danshi, sauran su ɗauka. Malamin lissafin da ya saba aron hissar ya leƙo ta taga ya tsaya kallo. Abin da zai sha wahalar koyarwa da kamfas a aji shida ne ake yi da ƙusa a aji huɗu. Bai ƙara neman aro ba, ko da yake ban ce dalilin ke nan ba, wataƙila kunyata ya ji.

Kakar yarinyar nan mai fayafai ta fi wuyar shawo kai.

«Ni me na sani da zan koya wa 'yan madrasa?»

«Goggo, ba magana za ki yi ba. Ki zauna ki yi aikinki, mu kalla.»

Ta zo da kabarta rinanna, ta zauna a tabarma gaban allo. Faifai daga cibiya ake fara shi, ana naɗe damin ciyawa ana ɗinke shi da kaba zagaye bayan zagaye. Jikar ce ta yi bayani, da Hausa, don ba ta da kalmomin da Larabci: duk zagayen da ya ƙaru sai an ƙara ɗinki a kowane reshen tauraro daidai wa daida, in ka ƙara wa wani ka manta wani, tauraron ya gurgunce, kuma ba za ka gani ba sai ka yi nisa. Tun ran gini tun ran zane, in ji kakar, ita ce kaɗai maganar da ta yi a ranar.

A nan wani abu ya fito da ban zata ba. Karatu a makaranta da Larabci ake yi, kuma yaranmu sun tashi suna jin ana ce wa harshensu rutana, wato gwaranci, ana ce musu Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma, da wata irin murya. Da yawa sun koyi ajiye Hausa a bakin ƙofar makaranta tare da duk abin da ke warin gida. Wata yarinya ta faɗa ƙarara: «Ustaza, wannan ai kayan gida ne, ba na madrasa ba.» Amma dagi ba shi da wani suna sai dagi, aska takwas ta gaban riga ma haka. Dole Hausa ta shigo aji, Ustaza na mayarwa da Larabci don 'yan tsirarun da ba sa ji. Mako na gaba, ɗaya daga cikinsu ta kawo tabag ɗin kakarta, wato faifan rufe abinci irin na Darfur, mai tsini a tsakiya da launi birjik, aka jera shi da faifai ana neman inda suka haɗu da inda suka rabu. Maza kuwa sun ƙi taɓa kaba, wai aikin mata ne. Ustaza ba ta ja da su ba, ta kawo hula ɗinkin wani kawunsu, ta sa su fitar da zanen jikinta a takarda mai gida-gida.

Allon mai agashe

Darasin da na fi so shi ne wanda ya fi kama da wasa. Mahaifin wani yaro yana gasa agashe, nama irin na tsire, a bakin titin mota, sana'ar da duk Sudan ta san ta Hausawa ce, har sunan namu ne. Ustaza ta ce kowane gida ya yi masa allon talla da direba zai iya karantawa daga nesa. Suka yi, kowa ya zuba basira: zayyana a gefe, furanni, harufa sirara masu lanƙwasa, ja a kan takardar siminti. Aka kafe su a bangon ƙarshen fili, ta ce kowa ya yi ta ja da baya yana ƙirga taku har rubutu ya ɓace masa.

Wanda ya fi kyau a hannu shi ya fara ɓacewa. Ja a kan ruwan ƙasa, taku kaɗan ya narke. Wanda ya kai har bakin ƙofa na wasu yara ne da aka yi wa dariya, sun shafe kwali da farar ƙasa, sun rubuta kalma ɗaya tak da baƙin bagaruwa, harufa masu kaurin yatsa biyu. Ba wanda ya yi musu bayanin bambancin ado da tsari, ƙafafunsu ne suka auna. Aka sake yi karo na biyu, kowa ya rage ado ya ƙara kauri, wasu suka mai da zayyanar siririn layi a gefe. A ganina wannan sakewar ita ce darasin. Yaranmu sun saba aiki sau ɗaya ake yinsa, malami ya sa jan biro, an wuce.

Takardar da aka yaga

Baƙin da na ambata 'yan gudun hijira ne. A Yulin 2022 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. An kashe ɗaruruwan mutane, dubun dubata suka bar gidajensu, Hausawa da yawa suka gangaro wajen dangi a Sinnar. Ajin Ustaza ya samu rabonsa.

Wata Alhamis ta ce yau kowa ya zana abin da yake so. Wani yaro cikin baƙin, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya zana babbar mota cike da kawuna kamar 'ya'yan goriba, a bayanta ɗakuna da baƙin hayaƙi, a kusurwa kuma mutum a kwance, ya fi motar girma. Yara haka suke, abin da ya fi girma a zuciya shi ke fin girma a takarda. Zanen ya fi duk abin da aka yi a ajin ƙarfi, Ustaza ta gani, daɗi ya kama ta, ta ɗaga shi sama ta ce kowa ya dubi wanda ya iya. Yaron ya taso ya fizge takardar ya yayyaga, ya fita. Kusan mako bai dawo ba.

Wannan shi ne kuskurenta mafi girma a duk zangon, kuma ina zaune ban hana ba, don ni ma sha'awar zanen ta ɗauke ni. Yaron bai zana don a yaba ba. Ta je gidan da suka sauka ta ba shi haƙuri a gaban gwaggonsa, ba ta tambaye shi wane ne a kwance ba, kuma ta yi daidai, ita ba likita ba ce. Daga ranar ta ajiye wani kwali a kusurwa. Duk wanda ya zana abin da ba ya so a gani, ya ninke ya jefa ciki, ba mai buɗewa, har ita. Baƙin ne suka fi jefawa, amma ba su kaɗai ba.

Labarin ya fita ta wata fuska dabam: ana sa yara zana mutane a madrasa. Wani daga majalisar iyaye ya kai ƙara wajen mudir. Tsoronsa ba daga sama ya faɗo ba. Kowa na tuna hayaniyar littafin tarihi na aji shida da aka sa wa zanen Mikelanjelo, mai zanen nan na Italiya, na halittar Annabi Adamu, yadda limamai suka yi ta huɗuba a kai, har Firaminista Abdalla Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar a Janairun 2021, shugaban cibiyar manhajoji Umar al-Garrai ya yi murabus. Tun daga nan kalmar sura kaɗai ta isa ta tara mutane.

Aka zauna ƙarƙashin dalbejiya bayan la'asar, aka gayyato malamin khalwa. Mai ƙarar ya fara: «Ustaza, karatu muka kawo 'ya'yanmu su koya. Yau mutum a takarda, gobe gunki.» Ya kawo hadisin azabar masu yin sura, wanda ke cikin Buhari da Muslim, ba wanda ya musa. Malam ya bari ya gama, sannan ya ce hadisin gaskiya ne, haka ma fatawar Ibn Abbas ga mai sana'ar sura, cewa in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, in ji shi, abin da aka haramta shi ne surar mai rai wadda ke da inuwa, wato mai jiki, kuma gaɓoɓinta cikakku. Wadda ke shimfiɗe a takarda ko bango ba ta kai haram ba, barinta dai ya fi. 'Yar tsanar yara mata ma an yi rangwame a kanta, don Nana A'isha ta yi wasa da ita a ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

«Allah gafarta Malam, akwai malaman da suka hana duka.»

«Akwai, Alhaji. Ban ce babu ba. Kai ka bi su a kan 'ya'yanka, ba mai zarginka.»

Ni dai a raina ina tuna cewa duk namijin da ke zaune a wurin, har mai ƙarar, ya taɓa gina shanun laka a bakin bahar yana yaro, da tozo da ƙaho, ya shanya su a rana. Ban faɗa ba, ba wurin ba ne. Aka tashi a kan cewa ba za a gina mutum ko dabba da yumɓu a makaranta ba, ba za a tilasta wa kowa zana mai rai ba, ba kuma za a liƙa irin wannan zane a bangon alƙibla ba, tunda ana sallar azahar a ajin. Mai ƙarar bai gamsu ba. Ya ce 'ya'yansa biyu su riƙa fita duk hissar funun, suka riƙa zama a baranda suna leƙe ta taga. Ustaza ta yi ta aika masa cewa ranar zayyana ce, babu sura, bai sauya ba.

Inda muka saɓa

Bayan zaman nan Ustaza ta tsorata, ta koma zayyana da dagi zalla har wajen wata guda, don nan ne ba mai ƙara. A nan muka saɓa da ita. Na ce mata zayyana gado ce mai kyau, amma in an tsaya a kanta kaɗai, an dawo gidan jiya, furen allo ne aka canza masa riga. As-Salahi da kansa, ɗan malamin allo ne, ya yi karatun zane a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo ya baje ayyukansa irin na Turawa mutanen gida ba su kula ba, sai ya koma ga harafin Larabci da adon da suka sani. Amma ya koma ne da idon da ya koyi kallo. Yaro na bukatar a ajiye masa abu a gaba a ce duba.

Ta yarda da rabi. Aka ɗora buta a kan tebur. Kusan kowa ya zana bakinta da'ira cikakkiya, don ya san da'ira ce. Ta sa su rufe ido ɗaya su miƙa alƙalami su auna faɗin bakin da tsayinsa daga inda suke zaune, sai ga shi kamar ƙwayar dabino a kwance, na gaba nasa ya fi buɗewa, na baya ya fi tsukewa. Aka yi markub, takalmin fata na mutanen Sudan, aka yi reshen bagaruwa da ƙayarsa, aka yi kwalekwale daga tunani bayan an aike su su kalle shi da yamma. Masu cewa ban iya ba suka ragu a fili, ko da yake akwai 'yan layin baya da har aka tashi ba su daina rufe takarda da hannu ba.

Maki ya zama wata rigimar. Mudir lamba yake so a rajista, mai duba malamai da ya zo sau ɗaya kuma ya yaba, sannan ya tambayi shafin manhajar da aka tsaya. Ustaza ta riƙa ajiye takardar farko da ta baya-bayan nan ta kowane yaro, a soke da ƙaya, tana ba da maki a kan tazarar da ke tsakaninsu. Yarinyar faifai ta fito cikin na sama, wani mai kyan hannu da bai taɓa yarda ya sake aiki ba ya sauko tsakiya, ubansa ya zo ya yi faɗa. Gara ta cinye wani ɓangare na takardun a kabad lokacin yajin aikin malamai da ya yi ta katse zangon, dole wasu aka ba su maki da ka.

Gab da azumi mudir ya amince a ba ajin bangon da ke gefen ƙofar shiga, su yi masa zane irin na gidajen Zariya da Kano da kakanninsu ke ba da labari. Yaran suka fitar da tsari uku a takardar siminti, aka kaɗa ƙuri'a, aka tara farar ƙasa buhu biyu a ofis, aka ce sai bayan Sallah. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum, makarantu suka rufe. Ba a jima ba iyalai daga Khartum suka sauka a azuzuwan, daga baya na garin Madani suka biyo. Ustaza ta je ta ɗauko kwalin kusurwa ta kai gida a rufe yadda yake. Takardun simintin an toshe tagogi da su saboda sanyi, farar ƙasar kuma matan da suka sauka a aji huɗu suka shafe bangon ciki da ita.